Daƙiƙa Shida a Goronyo

Sun ba ni kujerar roba, agogo biyu da biro,
da littafi mai layi, kowane shafi da hatiminsa.
Suka ce, Malam Sahabi, shekara talatin kana koyar da lissafi,
zauna bakin madatsa ka ƙirga mana zaman Arzika.

Arzika ɗan Gado, jikan masunta.
Kakansa da gora da homa ya ci suna,
shi kuwa tukunyar iska ya goya,
ya ɗaura dalma a ƙugu, ya sa ƙafar agwagwa,
ya ce zai wuni, ya kwana, ya sake wuni
gaba uku ƙarƙashin ruwa, bai leƙo duniya ba.

Sharaɗin masu littafin bajinta bai da tsawo:
ko farce kada ya fito.
Shaida biyu, awa hurhuɗu,
ba ɗan'uwa, ba wanda ake bi bashi.

Ƙarfe ɗayan dare na karɓi kujera.
Kumfa kawai nake gani,
tana tasowa bakwai-bakwai tana fashewa a hasken fitila.
Na rubuta: an sauka da tukunya ta sha ɗaya.
Na rubuta: an kai masa kunu a leda.
Na rubuta: Likita Kulu ta ja igiya sau biyu, ya ja sau biyu.
Allonsa ya hau, da rubutu kamar tafiyar kaza:
sanyi, amma lafiya. Wa ya ci ƙwallo?

Sauro ya sha jinina ya yi godiya.
Modi, shaida na biyu, ya sunkuya neman shayi a jaka.
Mai kyamara na fama da batir.

Uku da minti goma sha biyu.
Wurin sauya tukunya ɗamarar dalma ta kwance,
ruwa kuwa ba ya riƙon abin da ba nasa ba,
ya turo shi sama kamar gora.
Hannu na gani.
Yatsu biyar, fari fat, har wuyan hannu,
suna laluben iska kamar makaho a bakin ƙofa.
Ɗaya. Biyu.
Bakina bai ƙirga ba, sabo ne ya ƙirga.
A ta shida aka janye shi ƙasa.

Ruwa ya rufe bakinsa.
Modi ya ɗago da kofi: mi ya faru?

Na san uwar yaron nan, tana saida ƙuli a Rimawa.
Na san babur ɗin da ya sayar ya sayi iskar da yake shaƙa.
Ni na koya masa raba goma gida uku,
ya yi kuka don ɗaya ya yi saura.
Biro ya yi mini nauyin taɓarya.
Dare bai gani ba, kyamara ta kau da kai,
kwaɗi ma na ta hirarsu.

Na rubuta.

Da la'asar ta biyu suka fito da shi,
awa talatin da ɗaya, ana kalangu, ana guɗa.
Fatarsa ta yamushe kamar rogon da ya kwana a jiƙe,
ƙafa ta manta yadda ake taka ƙasa.
Aka lulluɓe shi da bargo biyu.
Ya ratsa kafaɗun mutane da ido har ya same ni.

Na kai masa littafin, na buɗe shafi na tara.
Ya daɗe yana kallo, ruwa na ɗiga daga gemunsa
kan hatimi.

Malam, nawa ka sa?
Na ce, shida.
Haƙoransa na kaɗawa, ya yi wata 'yar dariya.
Ya ce, ni takwas na ƙirga.

Sannan ya tambayi Likita ko da sauran kunu.